Dawaki Uku da Kuɗin Babur ɗin Ɗana

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk wanda zai tsaya ya karanta, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Masu yin sharhi kuma ina roƙonku, kafin ku zage ni ku bari ku kai ƙarshe. In kun kai kuka ga zagin ya dace, ku yi, ba zan ce kun zalunce ni ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, a hankali nake danna waya, wannan ma tun da hantsi nake kansa ina gogewa ina sakewa.

Ni matar aure ce, na kusa hamsin, 'ya'yana shida. A Maigatari muke, ba zan faɗi unguwar ba. Maigidana, wanda zan kira Malam, fatoma ne, wato masu kawo dawaki daga Nijar a gidanmu suke sauka. Wasu don kasuwar Alhamis suke kawo su, wasu don sukuwa, su huta kwana biyu uku kafin a wuce da su fili. Turakun suna bayan ɗakina, 'yar katanga ce kawai tsakani, kuma ni ke ba su ruwa da dusa da safe in baƙin sun fita wajen mai shayi. Mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, da dawaki ya rayu, kuma bai samu ɗa namiji ba sai da na yi wayo, don haka ni yake ja zuwa turke. Yakan ce, "Kar ki kalli wuya da sheƙin gashi, wannan na mai saye ne. Ki kalli yadda yake shan ruwa, ki kalli abin da ya bari a kwano, ki taɓa ƙafarsa sama da kofato da sassafe ki ji ko da zafi." Na iya, na iya sosai. Sai aka yi mini aure, shekara talatin ba wanda ya tambaye ni. Ko Malam ya shigo yana yabon doki na ga ba haka ba ne, sai in ce, "Allah ya kawo kasuwa."

Wanda maganar take kansa shi ne ɗana na fari. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a nan hannuna ba zai rubuta shi ba, zan ce masa Babba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, ni kuma Yaya yake ce mini har yau. Ko zazzaɓi yake yi ban isa in ɗauke shi gaban mutane ba, sai in tsaya bakin ƙofa in ce, "Ya mai jikin naku?" Ya girma, ya yi aure, 'ya'yansa biyu, yana acaɓa da babur ɗinsa tsakanin Maigatari da Gumel, ranar kasuwa har Sule Tankarkar yake kaiwa. Da wannan babur yake ci da gidansa, ba shi da wani abin. Hirarmu ni da shi duk tsawon shekarun nan ita ce, "Yaya ina kwana," in ce, "Lafiya lau." Ban taɓa ganin laifin hakan ba, haka na ga an yi wa kowa.

Bara bayan girbi abin ya fara. Wata safiya ina shayar da wani farin doki mai kyan gani kamar a ajiye shi a ɗaki, sai Babba ya shigo neman mahaifinsa. Ya tsaya yana kallon dokin ya ce, ba da ni yake ba, shi kaɗai yake magana, "Wannan ai shi zai cinye sukuwar Asabar, kowa ya faɗa." Ban ɗaga kai ba, bokitin nake kallo, sai na ji bakina ya ce, "Ba zai kai ƙarshe ba." Wallahi ban yi niyya ba. Dokin yana kurɓar ruwa yana ɗagowa yana huci, kuma kwana biyu yana barin rabin dusarsa, abin ne kawai ya fito. Sai Babba ya juyo ya ce, "Yaya, da ni kike?" Na ce, "Da bokiti nake." Ya tuntsire da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa kusa da ni haka ba. Ya ce, "To don Allah ki tambayar mini bokitin, wanne zai kai?" Na nuna masa da haɓa wani ɗan siririn ja a ƙarshen turke, wanda ko masu shi ba su cika kula shi ba.

Ranar Asabar kafin magariba ya dawo da tsire a takarda. Ya jawo 'yar kujera ya zauna a ƙofar kicin, ni ina tankaɗe na ba shi rabin baya, ya ba ni labarin sukuwar tun daga tashi har ƙarshe, yadda farin ya wuce kowa zagaye biyu sannan ya tsaya kamar an ɗaure shi, ɗan jan ya zo ya wuce shi. Yana yi yana buga cinya. A ranar ban san kuɗi ya sa ba, wannan gaskiya ce. Amma na biyun na sani, don shi da bakinsa ya yi mini bayani. Ya ce masu shirya sukuwa ba ruwansu, su kyauta suke ba dokin da ya ci. A gefe ake yi, ƙarƙashin wata darbejiya nesa da rumfar manya, akwai mai riƙe kuɗi. Dokin da kowa ya sani, in ka sa masa ya ci abin da za ka samu kaɗan ne. Wanda ba a sani ba kuwa, in ya ci a ninka maka huɗu ko biyar. Na ce, "Wannan ai caca ce." Ya ce, "Ɗan abu ne Yaya, kuɗin man rana ɗaya." Sai ya ciro waya ya ce in duba masa wasu dawaki da ya ɗauka suna motsa jiki a fili. Kuma na duba.

Me ya sa na duba? Ni da nake azumin Litinin da Alhamis, ni da nake hana ƙannensa ko wasan karta na banza? Na daɗe ina tambayar kaina, amsar da na samu ba mai kyau ba ce. Ya matso da kujera don in ga wayar, har na ga wani tabo a bayan kunnensa, tsohon tabo, ban san lokacin da ya ji ciwon ba, ban san wa ya wanke masa ba. Ɗana ne, kuma ranar na fara ganin bayan kunnensa. Ya tambaye ni abu, ya yi shiru yana jira in ba shi amsa, yana gyaɗa kai. Wannan shi ne abin da na sayar da tsoron Allah a kansa, ba kuɗi ba.

Sau biyar na zaɓar masa, huɗu suka ci. Ranar da aka faɗi ma dariya ya yi, ya ce, "Yau bokiti ya yi kuskure." Na sha gaya masa ni ba gaibu nake gani ba, ƙafa da numfashi kawai nake kallo, sai ya ce, "Na sani Yaya, na sani," amma na ga a idonsa bai sani ba. Ya riƙa kawo mini sukari da sabulu, da ƙaramar sallah ya kawo turmin atamfa. Na ɗinka, na sa, na je gaisuwa da ita. Malam ya ce, "Yaron nan ya fara hankali." Na ce, "Allah ya ƙara shirya shi."

Wata biyu da suka wuce matarsa ta zo ta same ni ina gyaran wake. Yarinya ce mai kunya, ta daɗe tana juya bakin mayafi kafin ta ce, "Umma, na san ba kya masa magana, amma don Allah ki sa Baba ya yi masa. Ya daina fita aiki da wuri, ranar kasuwa ma sai ya zauna yana kallon dawaki a waya. Wata rana ya kawo nama har mu ba maƙwabta, wata rana ko kuɗin omo babu. Ban san wa ke zuga shi ba." Ta ce ba ta san wa ke zuga shi ba, tana kallon fuskata. Na ce, "To, zan duba." Na ɗebar mata wake a leda, na ce ta gaida yara. Na zaci bayan ta fita zan yi kuka. Na zauna ina jira, bai zo ba, sai na ci gaba da gyaran wakena. Tun daga lokacin haka nake, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Shekaranjiya Laraba da azahar ya shigo a ƙafa. Tun daga zaure na gane, don kullum ƙarar babur nake fara ji. Ya zauna, ya ajiye baƙar leda a gabana. Na ce, "Ina abin hawanka?" Ya ce, "Ga shi nan a leda." Ya sayar, kuma da gaggawa ya sayar, shi da kansa ya ce an karya masa farashi. Na ce, "Innalillahi." Ya ce, "Yaya tsaya ki ji, wannan karon daban ne." Sukuwar gobe Asabar babba ce, a filin da ke hanyar Gumel. Akwai dokin wani Alhaji da ya ci sau uku a jere, kowa a kansa yake, don haka ba ya biyan komai. Sai kuma baƙin dawaki uku da mutane ba su sani ba, kowanne in ya ci biyar ake ninkawa. Biyu a bayan ɗakina suke ɗaure yanzu haka, wani baƙi ƙirin da wani mai ruwan ƙasa-ƙasa da muke ce wa gunya. Na ukun ja ne, na wani mutumin Gagarawa, a waya ya nuna mini shi. Ya nuna mini na Alhajin ma, kuma na ga abin da ban so gani ba: in zai juya yana tausaya wa ƙafarsa ta gaba ta hagu. Kaɗan ne, mai kallon wuya ba zai gani ba. Babba kuwa ya riga ya koyi karanta fuskata. Ya ce, "Ya samu matsala ko? Na rantse na san za ki gani."

Sai ya fara lissafi da yatsu. "In na raba uku ɗaya ya ci, na mayar da babur har da saura. In na zuba wa ɗaya ya ci, Keke Napep zan saya sabo, in daina shan rana, in sa yaran nan makaranta mai kyau. Ko in raba biyu, in bar wanda kika fi shakka? Ke za ki faɗa." Na ce, "Dawaki nawa za su fita?" Ya ce sha biyu. Na ce, "Huɗu na gani. In wani can da ban taɓa gani ba ya zo ya wuce su fa?" Ya ce, "Sauran tarkace ne." Na ce, "Ɗan jan bara ma tarkace aka ce masa."

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi ba ni kunya. Duk sauran lokutan doki ɗaya ne yake fitowa fili a idona, ba na wahala. Wannan karon ukun duka masu kyau ne, kuma tun ranar Laraba kaina bai daina auna su ba. Baƙin yana da numfashi, yana nutsa hancinsa cikin ruwa ya sha bai ɗago ba, amma yaro ne, jiya da aka yar da faranti a tsakar gida sai da ya kusa tsinka igiya. Ya zai yi da ihun fili? Gunyan natsattse ne, ya san duniya, yana cinye dusarsa har ya lashe kwano, ƙafafunsa huɗu sanyi ƙalau da na taɓa, amma a mota aka kawo shi tafiya mai nisa, ranar farko a sandare ya sauko. Jan Gagarawa ya saba da yashin nan namu, jikinsa a murɗe, sai dai mahayinsa yana da nauyi kuma yana yawan jan linzami ba dalili. Da ni ce, rabi zan sa wa gunya, sauran in raba wa biyun, in ɗan fi ba jan. Kun gani? Har na raba. Jiya na idar da sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba, ina can ina gwada ƙafar wannan da numfashin wancan. Wace irin uwa ce wannan? Ɗanta ya sayar da abincin 'ya'yansa, ita tana kan sallaya tana zaɓen doki?

Na dai yi ƙoƙari a ranar, kar ku ce ban yi ba. Na ce masa, "Ka ɗauki kuɗin nan ka je ka nemi wani babur ko tsoho ne. Abin nan haramun ne." Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne, halina ya ɗauko. Ya ce, "Yaya, yau ya zama haramun? Ranar atamfa fa?" Sannan ya ce, "In ba za ki faɗa ba, ba komai, ba zan tilasta miki ba. Zan bi jama'a in zuba wa dokin Alhaji, in ya so abin da Allah ya yi shi ke nan. Kuma ba zan ƙara damunki ba, sai mu koma ina kwana lafiya lau." Ya san abin da na gani a ƙafar dokin nan. Ya san na san ya sani. Ya tashi ya ce in ajiye masa ledar, in ta kwana a gidansa matarsa za ta gani, zai zo gobe Asabar da hantsi ya karɓa da amsata. Tana nan cikin tukunyar da ba na girki da ita, na kife wata a kai.

Na juya abin ta ko'ina. In na gaya masa yadda zai raba, mai yiwuwa ya ci, zuciyata ma ta fi ba ni zai ci. To sai me? Wanda ya sayar da babur ya ci, me zai sayar a gaba? Gonar gadonsu? Kuma in ɗaya daga cikin takwas ɗin da ban gani ba ya zo, da bakina na ƙone masa sana'a. Na yi tunanin in zaɓar masa wanda na san zai faɗi, ya ji zafi sau ɗaya ya bari har abada, sai na tuna ba shi kaɗai zai ji zafin ba, akwai yarinyar nan da ta zo tana juya bakin mayafi, akwai jikokina biyu. In na yi shiru ya zuba wa gurgun doki, shirun nawa ma zaɓi ne. In na hana shi ledar, kuɗinsa ne, ba yaro ba ne, zai tsaya a tsakar gida ya tambaya, kowa ya ji.

Saura in kai wa Malam ledar in faɗa masa komai. Na san wannan da yawanku za ku ce. Amma ku san wane ne Malam. Duk abin da yake da shi a duniya shi ne baƙi sun yarda da gidansa, mutum ya ɗaure dokin da ya fi gidansa tsada ya tafi ya yi barci. In aka ji cewa daga bayan ɗakin matarsa sirrin dawakin mutane yake fita zuwa wajen 'yan caca, wa zai ƙara sauka? Ba zai yi faɗa ba, ba zai doki kowa ba. Zai kira yaron ya faɗa masa kalma ɗaya, irin wadda uba ke faɗa ba ta dawowa. Na taɓa jin ya ce duk ɗansa da ya taɓa caca ya nemi wani uban, kuma Malam ba ya magana biyu. Kuɗin zai tsira, wataƙila a samu tsohon babur da shi. Yaron ne ban san ko zai tsira ba. Ni kuwa ban ma tsaya tunanin abin da zai same ni ba, ba don jarumta ba, kawai na duba wajen ban ji komai ba.

Yau da safe ina zuba wa Malam koko ya ce, "Kwana biyu ban ji ƙarar babur ɗin yaron nan ba, lafiya dai?" Na ce, "Yana wajen gyara." Ya ce, "Allah ya sa kar su cuce shi," ya ci gaba da shan kokonsa. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa kallon idonsa na shirga masa ƙarya ba sai yau, kuma ko ludayin hannuna bai girgiza ba. Wannan ne ya sa na ɗauki waya na rubuto muku, don na ga in na biye wa kaina babu sauran inda zan ji zafi in tsaya.

Ba addu'ar samun sa'a nake nema ba, kar wanda ya yi mini ita. Masu ilimi da iyaye mata 'yan'uwana, musamman wadda ta san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari, ku ba ni amsa kafin gobe da hantsi. Zai yi sallama, zai miƙo hannu, zai ce, "Yaya, wanne?" Don girman Allah, me zan yi?